Bututun Iska a Jirgin Pak Cik

Ni dai ba ƙera jirgin sama ne ya kai ni Malesiya ba. Karatu ne, digiri na uku a kan yadda zafi ke ratsa ƙarfe da mai da iska, abin da duk wanda na yi wa bayani a gida sai ya gyaɗa kai ya ce, "Wato dai gyaran firji." Tun ina musu har na daina. A Pantai Dalam muke zaune, ni da matata da 'yarmu, a ɗaya daga cikin dogayen benayen nan da ɗalibai suka cika, inda wanki ke kwana a igiya ya wayi gari da danshinsa.

A masallacin unguwa na haɗu da wani dattijo, wata Juma'a bayan an idar. Wani malamin jami'a ne ya jawo hannuna har gabansa, ya nuna ni ya ce ga mutumin da ya san zafi. Pak Cik kowa ke ce wa dattijon, wato kawu, ni ma haka na kira shi har muka rabu. Gajere ne siriri, da farar hula da tabarau mai kauri. Safiyo ne da ya yi ritaya. Ya ce mini a ƙafa ya ƙare ƙuruciyarsa yana auna filayen mutane cikin daji da laka, matsattsaku na shan jininsa, shi ya sa da girma ya zo ya koyi tuƙin ƙaramin jirgi, don ya ga abin da ya auna daga sama. Jirgin haya bai kashe masa ƙishi ba. Sai ya sayo zane da kayan haɗi a akwatuna, ya shiga ƙera nasa a rumfar motar gidansa a Wangsa Maju. Motar kuwa ta koma kwana a waje, ruwa na dukanta shekara da shekaru.

"Jirgi ya haɗu," in ji shi, "amma mai yana zafi." Yadda ya faɗa sai ka ce jikansa ne ke zazzaɓi.

Daga nan Asabar ɗina ta zama tasa. In hau jirgin ƙasa na LRT zuwa Wangsa Maju, in tarar da shi yana jira a mota, mu tsaya a shagon abinci da suke kira kedai mamak ya tilasta mini roti, gurasarsu, da shayi ko na karya a gida, sannan mu fita gari zuwa wani ƙaramin filin jirage da gonakin kwakwar manja suka kewaye. Can ya mai da jirgin bayan ya haɗa masa fukafukai. Ranar da na fara ganinsa sai da na danne dariya, don bai fi a-kori-kura tsawo da wani abin kirki ba. Kujera biyu, fari da ratsin kore. Da na matsa kusa dariyar ta tafi. Ƙusoshin da suka riƙe jikinsa a jere suke reras kamar ɗinkin hula, kuma kowace ɗaya hannun wannan tsohon ne ya buga ta.

Injin irin wannan jirgi ba ruwa ke sanyaya shi ba, iska ce. Tana shiga ta kafa biyu a bayan farfela, ta bi kan injin, ta fita ta ƙasa. Baƙin mai kuma yana da nasa ɗan lagireton, bai fi burodin yanka girma ba, an kafe shi can baya a jikin bangon da ya raba inji da ƙafafun matuƙi. Iska ba ta zuwa wannan lungu da kanta, sai an yi mata hanya. Zanen ya ce a jawo ta da tiyo, Pak Cik ya jawo ta da tiyo, irin mai gargada a ciki kamar na injin wanki, ya lanƙwasa shi sau biyu don ya kauce wa wayoyi. Bai yi kuskure ba, abin da aka zana ya bi. Sai dai wanda ya yi zanen a ƙasar sanyi yake zaune, bai taɓa tsayawa a kan kwalta da hantsi a wannan gari ba, rigarsa na manne masa a baya.

Ya tada injin ya nuna mini. Ya yi ta kai da kawowa a titin jirgi ba tare da ya tashi ba, ina gefensa ina kallon agogon zafin mai. Allurar ta bar kore, ta shiga rawaya, ta ci gaba da rarrafe har ta tsaya dab da ja. Mai in ya yi zafi ya wuce kima yakan tsinke ya zama kamar ruwa, ya kasa riƙe ƙarafan da ke gogar juna, inji ya cije. A mota sai ka gangara gefen titi ka kira makaniki. A sama ba gefen titi.

A hanyar komawa ya gaya mini abin da ke cinsa. Ciwon suga ya fara taɓa masa ido. Matuƙi kuwa sai likita ya duba shi lokaci-lokaci kafin lasin ɗinsa ya ci gaba da aiki, kuma likitansa ya riga ya nuna masa, cikin ladabi irin nasu, cewa dubawa ta gaba, a ƙarshen watan gobe, ba zai iya sa hannu ba. Kafin ranar yana da damar tashi. Bayan ranar shi ke nan. Mai duba jirage na hukuma ya riga ya zo ya ba da izini, don allurar ba ta taka ja a gabansa ba. Ba abin da ya tsare Pak Cik a ƙasa sai alkawari ɗaya da ya yi wa matarsa, wadda muke kira Mak Cik: ba zai tashi ba sai wanda ya san zafi ya ce mai ya yi daidai. Ina jin haka na gane ni ake nufi.

Abu na farko, ina so in ga inda iskar ke bi da idona. A jami'a muna da na'urar hayaƙi ta wannan aiki, amma fitar da ita daga ɗakin gwaji sai an bi ofis-ofis har abin ya fita daga ran mutum. Matata ce tana turara ɗaki da safe na tsaya ina kallon yadda hayaƙin ke bin iskar fanka yana lanƙwasa ta ƙofa. Na roƙi aron kaskonta na lantarki da ɗan turaren wuta. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Turaren da Hajiya ta aiko min tun daga Maiduguri za ka kai wa jirgi?"

Na ce kaɗan zan ɗiba. Ta ba ni tana mita, ta ce in ban dawo da kaskon ba kada in dawo.

Muka zuƙe fetur ɗin jirgin tas, muka bar injin a sanyaye, muka kafa babbar fanka a gaban hancinsa. Na ajiye kaskon nesa kaɗan, hayaƙi ya tashi fanka ta kora shi ciki. Na kwanta a ƙasa da tocila ina leƙe ta ƙarƙashin murfin inji. Rumfar jirage duka ta ɗauki ƙamshin ɗakin amarya, masu gyara a jirgin maƙwabta suka fara leƙowa suna tambayar ko biki ake. Abin da na gani kuwa bai yi mini daɗi ba. Hayaƙin da ke shiga tiyon kaɗan ne, lanƙwasa biyun nan sun shaƙe shi. Wanda ya iso kuma, da yake bakin tiyo zagaye ne fuskar lagireto mai kusurwa huɗu, tsakiya kawai yake bugawa, gefe da gefe ko oho. Wani ma ta tsagar mahaɗin yake sulalewa. Mafi muni, bayan lagireton ba wata hanyar fita ta kirki, sai hayaƙin ya taru a wurin yana juyawa, na baya ya hana na gaba wucewa.

Maganin a bayyane yake. A cire tiyon, a ƙera bututu na faiba, wato zaren gilashi da ake shafa wa danƙo ya sandare, mai santsi a ciki, ya taso da faɗi ya riƙa buɗewa a hankali har ya rufe fuskar lagireton duka, a toshe kowace tsaga, sannan a yanka ƙofar fita a ƙasan murfin inji a yi mata ɗan leɓe da zai sa iskar waje ta riƙa jan ta ciki. Sai an sassaƙa siffarsa da soso mai tauri, a shimfiɗa faiba, a jira ta bushe a garin da ba abin da ke son bushewa, a gwada, a gyara. In an gama kuma, tunda an taɓa murfin inji, sai mai duba jirage ya sake zuwa, shi kuwa ba ranar da ka kira shi yake zuwa ba. Duk yadda na juya lissafin, aikin ya wuce ƙarshen watan gobe.

Pak Cik ma ya iya lissafi. Ya saurare ni har na gama, ya goge tabarau, ya ce, "A ƙasa ne yake zafi, lah. A sama jirgi na gudu, iska za ta yi yawa, allura za ta sauka. Zagaye ɗaya kawai zan yi in sauko. Boleh?"

Boleh kalma ce da ba ka yini a garin ba ka ji ta ba, ma'anarta zai yiwu. Kuma maganarsa ba shirme ba ce. Da yawa jirage sukan yi zafi a ƙasa su huce a sama. Sai dai kafin a kai ga gudun akwai hawa, lokacin da inji ke ba da duk ƙarfinsa jirgi kuma na tafiya a hankali, hanci a sama, daidai kan bishiyoyin kwakwa. Nan ne mai ya fi zafi, kuma allurarsa tun daga ƙasa take dab da ja. Zai iya yin zagayensa ya sauko lafiya. Zai iya kuma rasa inji a inda ba fili. Ban san wanne ba, kuma ba wanda ya sani.

Abin da na ce masa shi ne, "To, Pak Cik, bari mu ƙara dubawa."

Na girma a gidan da ba a ce wa babba a'a. Mahaifina in ya faɗi abu, ko ka san ba haka ba ne, sai ka ce to, ka sunkuyar da kai, daga baya ka nemi wata gwaggo ko wani aminin nasa ya je ya lallaɓa. Ban taɓa ganin wannan a matsayin tsoro ba, tarbiyya ce, kuma har yau ina ganin kyanta. Na zo na tarar mutanen Malesiya sun fi mu. Su ko ƙin abu za su yi sai sun naɗe shi da murmushi, su ce za a duba, su ce wataƙila nan gaba. Sai aka haɗu, Bahaushe mai kunya da dattijon Malay mai kawaici, a kan maganar da ke buƙatar a faɗe ta ƙarara. Asabar ta zo ta wuce, wata ta zo. In ce masa akwai 'yar damuwa kaɗan, ya ji kalmar kaɗan ya bar damuwar. In ce da dai an yi bututun zai fi, ya ce ƙwarai, bayan ya tashi sai mu yi. Muka naɗe tsagar mahaɗin da roba, muka ɗan miƙar da lanƙwasa ɗaya, allurar ta ja baya da ƙyar kamar kaurin gashi. Ya dube ni yana murna, ni ma na yi masa murmushi. A raina ina ta neman gwaggon da zan aika, babu.

Matata ce ta gaji da ganina ina juya abinci a faranti. Na ba ta labari duka. Ta ajiye cokali.

"Wai tsaya, Malam. Kai ne fa kake dawowa kana ba ni labarin yadda ka yi argument da supervisor ɗinka a kan graph. A kan graph! Yanzu ran mutum ne kake cewa bari mu ƙara dubawa?"

Na ce ba ta gane ba, sa'an mahaifina ne, kuma wannan ce damarsa ta ƙarshe.

"Na gane sarai. In ya faɗo, Allah ya kiyaye, ka je gaisuwa wurin Mak Cik, me za ka ce mata? To?"

Na ji haushinta ranar, haushi sosai, irin wanda ake ji in an faɗa wa mutum abin da ya riga ya sani.

Asabar ta gaba ba mu je fili ba, Pak Cik ya ce Mak Cik ta yi girki in zo gida. Na sha jinin jikina. Muka ci shinkafa da kifi mai yaji a falonsu, fankar sama na juyawa, ta taga ina hango rumfar motar da tabon fenti fari da kore a siminti. Mak Cik mace ce mai kauri mai yawan dariya, amma ranar ba ta yi ba. Da aka kwashe kwanuka ta zauna ta fuskance ni, ta kira ni da anak, wato ɗa, kamar yadda ta saba.

"Anak, ya ce mini ka ce an gyara. Yana so ya tashi mako mai zuwa. Ni ban san inji ba. Kai nake tambaya. Boleh?"

Pak Cik bai dube ni ba, yana kallon kofin shayinsa. Na ji kalmomin da na saba suna taruwa a bakina, in sha Allahu, da sauƙi, an samu ci gaba. Kowace ɗaya gaskiya ce, kuma na san yadda za a ji ta. 

Na ce, "Tak boleh, Mak Cik. Ba zai yiwu ba. Ba a gyara ba. In ya tashi a haka inji zai iya mutuwa yana hawa."

Ban taɓa jin muryata ta yi mini muni kamar ranar ba. Mak Cik ta lumshe ido ta gyaɗa kai. Pak Cik ya ajiye kofin a hankali, ya tashi, ya shiga ɗaki ya ja ƙofa. Ba shi ya mai da ni tasha ba, da ƙafa na taka. A cikin jirgin ƙasa na zauna kamar wanda ya mari mahaifinsa a kasuwa.

Na ɗauka shi ke nan tsakaninmu. Ana gobe Asabar sai ga saƙonsa a waya, ba gaisuwa ba komai: ya sayo faiba da soso, in zo da wuri.

Muka yi aikin, amma ba kamar da ba. Ba tsayawa a mamak, ba labarin daji da matsattsaku. Miƙo wannan, riƙe nan. Ya sassaƙa siffar bututun da hannunsa, yana kusanto da ita dab da tabarau, yana shafawa da yatsa inda ido ya gaza. Na farko da muka yi ya taɓa wata waya, muka fasa. Na biyu ya ƙi bushewa, ruwa ya yi ta zuba kwana da kwanaki, faiba ta yi danƙo kamar alewa. Ina ganinsa yana duban sama ta ƙofar rumfa. Ni kuwa na yi ta gaggawa kamar gaggawata za ta tsayar da wata, har na ƙona yatsa garin haɗa faiba. Shi bai yi gaggawa ba ko sau ɗaya. Ya riga ya san ba za mu cim ma ranar ba, amma bai yarda a manna abu a karkace ba.

Ranar likita ta zo muna kan na uku. Asabar ɗin da ta biyo ya ɗauke ni a tasha kamar kullum, muna cikin tafiya ya ce, "Bai sa hannu ba." Na ce innalillahi. Ya ƙara ƙarar rediyo.

Bututu na uku ya zauna daram. Muka yanka ƙofar fita, muka yi mata leɓe. Mai duba jirage ya zo a lokacin da ya ga dama, ya leƙa, ya shafa, ya amince. Aka tada inji aka yi ta kai da kawowa a titi da rana tsaka, allurar ta hau tsakiyar kore ta zauna abinta. Na yi murna, sai kuma na ji kunyar murnar.

Wani abokin Pak Cik, mai koyar da tuƙi a filin, shi ya yarda ya yi tashin farko. Da safe ne, sama ta yi wasai bayan ruwan asuba. Mak Cik ta zo da 'yar kujerarta ta zauna a inuwar rumfa tana jan carbi. Pak Cik ya zagaya jirgin yana taɓa kowane abu, ya buɗe murfin mai ya duba, ya rufe, ya sake buɗewa. Shi ya riƙe wa abokin ƙofa har ya zauna a kujerar hagu, kujerar matuƙi, wadda ya yanka sosonta daidai tsawon ƙafafunsa shi. Sai da abokin ya cire matashin baya kafin gwiwoyinsa su samu wuri.

Jirgin ya yi gudu a titi, ya ɗaga, ya haye kan bishiyoyin kwakwa hanci a sama. Ina jin ƙarar injin ina ƙirga numfashina. Pak Cik na riƙe da 'yar rediyon hannu. Ya kai ta baki, ya sauke, ya sake kaiwa, sannan ya miƙo mini.

"Tambaye shi mai."

Na tambaya. Murya ta dawo cikin ƙara, tana dariya: kore, tsakiyar kore, ko motsi ba ta yi.

Na faɗa masa ko da yake ya ji. Ya ɗaga kai yana neman jirgin a sama. Na ga yana duban inda ƙarar take, jirgin kuwa ya riga ya karkata hagu, ɗan fari a kan gajimare. Na kama kafaɗarsa na juya shi kaɗan, na nuna da hannu. Ya bi hannuna da kallo. Ban sani ba ko ya gan shi, ban kuma tambaya ba.

Muna tsaye a haka ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Da ka yi shiru ranar nan, da na tashi."

Na ce, "Haka ne, Pak Cik."

"Wataƙila da na sauko lafiya."

"Wataƙila."

 Jirgin ya zagayo ta kanmu, inuwarsa ta wuce a kan ciyawa.

"Ban yafe maka ba tukuna," in ji shi. "Amma ka zo Asabar. Birkin hagu yana ja."

Na zo.